Kibiyar Jarts, Wasan da Muka Yi Kafin a Haramta Shi

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu mata da ke can baya, 'yan uwa maza da mata, sannunku da zuwa. Ana jina daga baya? To, madalla.

Da aka ce in yi magana a kan kayan wasan yara, tunda bazara ta shigo kuma an ba yaranmu hutu, sai na ce ba zan kawo muku dogon jeri ba. Abu ɗaya zan ɗauko, wanda na riƙe da hannuna ina yaro a ƙasar nan ta Amurka, wanda kuma har yau in na tuna shi sai in ji daɗi da faɗuwar gaba a lokaci guda.

A 1984 mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya zo karatun aikin gona a jihar Kansas, ya taho da mu. Ina da shekara 8, ƙanwata tana da 4. Wanda ya san Kansas ya san ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, kuma a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara na dare. Yaro ya ci abincin yamma, ga sauran rana tsaye, ina za shi in ba waje ba? Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne mai kirki, yana da jikoki sa'o'ina, kuma filin ciyawarsa da namu a haɗe suke, babu shinge. A garejinsa na fara ganin abin.

Kibiya ce, amma ba ta baka ba, da hannu ake jefa ta. Tsawonta kamar inci 12, wato ƙafa guda. A gaba akwai ƙarfe mai nauyi da tsini, a tsakiya fukafukai uku na roba, a baya ɗan sanda da za ka riƙe. Guda huɗu ne a kwali, biyu ja biyu rawaya, sai zobba biyu na roba masu faɗin faifai babba. Kamfanoni da dama sun yi ta, amma sunan da ya bi bakin kowa shi ne Jarts. Yadda manya ke yi, a ajiye zobe ɗaya nan, ɗaya can, tsakaninsu kamar ƙafa 35, mutum ya tsaya ya lilo hannunsa daga ƙasa ya sake ta, ta yi sama ta lanƙwaso, ta zo ta kafe a ƙasa. Wadda ta faɗa cikin zobe ta ci maki. Ana gasa nama a gefe, ana hira, ana jifa.

Wannan wasan manya ke nan. Mu namu daban ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙasar nan a waɗannan shekaru in ka tambaye shi zai ba ka labari irin nawa. Da manya sun shiga ciki, sai mu ture zobban gefe. Mu tsaya a da'ira, ɗaya ya tattara ƙarfinsa ya cilla ta sama sak, iya inda hannunsa zai kai, sai kowa ya ɗaga kai yana bin ta da ido. Akwai wani ɗan lokaci da take tsayawa cak a sama, kamar tana shawara, sannan ta juyo da kanta ƙasa. A nan ne ake watsewa da gudu ana ihu. Wanda ya fi daɗewa bai gudu ba shi ne jarumi. Har yanzu ina jin ƙarar shigarta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, wani “cak” mai nauyi, da ƙamshin ciyawar da aka yanke da safe. Ba zan yi muku ƙarya ba, wasan yana da daɗi matuƙa. Ban taɓa jin jinina yana gudu irin na waɗannan yammacin ba.

Wata ranar Asabar ni ne mai jifa. Hannuna ya goce, maimakon ta tafi sama sak sai ta karkata ta bayan kafaɗata. Rana tana idona, ban ga inda ta bi ba. Na dai ji “cak”, sannan na ji shiru, yaran nan duk babu mai motsi. Da na waiwaya, ƙanwata tana zaune a kan ciyawa da 'yar robar ruwanta, kibiyar ta huda bakin rigarta ta kafe shi da ƙasa. Tsakanin ƙarfen da cinyarta bai kai faɗin yatsu uku ba. Ita ba ta ma san abin da ya faru ba, jan rigar take yi tana mamakin me ya riƙe ta.

Innarmu ta fito. Ba ta yi mini tsawa ba, ba ta ce komai ba tukuna. Ta durƙusa ta zare abin, ta ɗora shi a tafin hannunta tana jin nauyinsa, ta shafa tsinin da babban yatsa. Sai ta ce, “Wannan ai mashi ne. Wa ya ba yara mashi?” Da dare Baba ya karɓo kwalin daga wurin maƙwabcin, ya karanta mata abin da aka rubuta a jiki, ya fassara: ba abin wasan yara ba ne, na manya ne, yana iya jawo mummunan rauni, a ajiye inda hannun yara ba zai kai ba. Inna ba ta iya Turanci ba a lokacin. Ta ce da shi, “Malam, yaron da ke jifa kwalin yake karantawa?”

Shekara arba'in ke nan ina juya wannan tambaya tata, domin ita ce ainihin abin da hukumomin ƙasar nan suka yi shekara 18 suna kewayewa.

Ku dubi yadda aka ƙera abin. Nauyi a gaba, fukafukai a baya. Ko ta yaya ka jefa ta, ko a karkace, ko da hannun hagu, iska za ta kama fukafukan ta daidaita ta, tsinin ne zai riga isowa. Ba kuskure ba ne, haka aka so, don ta kafe a ƙasa. Kuma tsinin ba shi da kaifi irin na allura, in ka taɓa shi ba zai yanke ka ba, shi ya sa iyaye da yawa suka raina shi. Amma duk nauyin ƙarfen da duk saurin da ya tara yana faɗowa, a kan ɗan wurin da bai fi bakin fensir ba suke sauka. Ƙoƙon kan yaro bai yi kaurin na babba ba, musamman gefen kai, sama da kunne. Abin da zai shiga busasshiyar ƙasa zai shiga nan. Inna ta yi gaskiya fiye da yadda ta sani: sojojin Rumawa a ƙarshen daularsu suna da makami mai wannan siffa, gajeriyar kibiya mai dalma a wuya da fukafukai a baya, ana ce mata plumbata. Soja yakan saƙale guda biyar a cikin garkuwarsa, ya cilla su sama su sauko a kan abokan gaba.

Hukuma ta san da haɗarin tun da wuri. A 1970, lokacin hukumar abinci da magunguna, FDA, ita ke duba kayan wasa masu haɗari, aka hana sayar da kibiyar a matsayin abin wasan yara. Masu ƙera ta suka yi tsaye har gaban kotu. Inda aka tsaya shi ne, a ci gaba da sayarwa, amma da sharaɗi: a rubuta gargaɗi a kwali cewa ta manya ce, kuma kada a ajiye ta a shagon kayan wasan yara ko a ɓangarensu cikin babban kanti. Gargaɗin da Baba ya karanta wa Inna ke nan. Aka bar ƙarfen yadda yake, aka gyara rubutu. Alhali ina ake wasan? A filin gida, ranar hutu, inda yara suka fi yawa.

A watan Afrilu na 1987, a garin Riverside na jihar Kalifoniya, akwai wani injiniyan jiragen sama mai suna David Snow. Ba ma kibiyar ya je saya ba. Ragar ƙwallon raga yake nema, ya tarar an haɗa ta kwali ɗaya da wasu wasanni biyu, ciki har da wannan. Ya kawo gida ya ajiye a gareji. Ɗansa da abokansa suka gano ta. Ɗaya daga cikin yaran ya jefa, ta tsallake shinge, ta sauka a kan 'yar Snow mai shekara 7 da ke wasanta a gaban gida. Bayan kwana uku ta rasu. Ku yi mini haƙuri in ɗan tsaya a nan, domin duk lokacin da na zo wannan wuri rigar ƙanwata nake gani.

Mutumin nan bai zauna ba. Ya yi ta zirga-zirga zuwa Washington, yana bin 'yan majalisa da hukumar kare masu sayen kaya, CPSC, wadda aka kafa a 1972 ta karɓi wannan aiki. Da aka zauna aka ƙirga da kyau, sai aka ga cikin shekara 8 mutum kusan 6,100 aka kai sashen gaggawa na asibiti saboda wannan kibiya. Kashi 81 cikin ɗari 'yan shekara 15 ne zuwa ƙasa, rabinsu kuwa ba su wuce shekara 10 ba. Wasan da aka rubuta wa “na manya” ke nan. Hukumar ta ce yara uku ne suka mutu. Daga ranar 19 ga Disamba, 1988, aka haramta sayar da ita a Amurka baki ɗaya. Kanada ta bi sahu a 1989.

To, ga abin da ya sa na zaɓi wannan batu. In ka zauna da sa'o'ina, Turawa ne ko namu, aka ambaci Jarts, sai ka ga fuska ta washe. “Kai, mun yi wasa da ita, ga mu nan garau! Yaran yanzu an mai da su ƙwai.” Ina fahimtar wannan magana, domin daɗin da suke tunawa gaskiya ne, ni ma na ɗanɗana. Amma masu faɗin haka su ne waɗanda kibiyar ta kuskure. Wanda ta samu a ka ba ya cikin hirar. Ni da nake tsaye gabanku, da iska ta ɗan kaɗa daban a ranar nan, da wani labari nake ɗauke da shi tun ina shekara 8, kuma ban san ko zan iya ba da shi a bainar jama'a ba. Allah ne ya tsare, ba dabarata ba.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a kulle yara a ɗaki. Da muka koma gida na hau mangwaro na faɗo, na yi langa har gwiwata ta kwaile, na yi kokawa an kā da ni, kuma ina so 'ya'yana su san irin wannan. Yaron da ya hau bishiya yana ganin nisan ƙasa, ƙafarsa tana gaya masa reshe ya yi laushi, in ya faɗo shi ne ya hau. A haka yake koyon auna kansa. Kibiyar nan ba ta koya wa kowa komai. Mai jifa ba ya jin komai a jikinsa, wadda abin ke sauka a kanta kuwa sau da yawa ba ta cikin wasan, tana gefe da 'yar tsanarta ko robar ruwanta. Kuma babu ƙaramin rauni da zai zama jan kunne kafin babba. Wannan bambancin nake so iyaye su riƙa dubawa a kowane abin wasa, har da 'yan bindigogin nan masu harba ƙananan duwatsun roba da ake cika kasuwa da su lokacin sallah: wa ke ɗaukar kasadar, wa kuma zai biya?

Haramcin ya tsayar da sayarwa, amma bai shiga garejin kowa ya kwashe ba. A 1997, shekara tara bayan doka, wani yaro ɗan shekara 7 a Elkhart ta jihar Indiyana ya samu rauni a ƙwaƙwalwa da irin wannan kibiya, har hukumar ta sake fitar da gargaɗi tana cewa duk mai ita ya lalata ta. Mu kuma al'ummarmu, mun san kanmu, muna son gwanjon ƙofar gida na ranar Asabar. Tsohuwa ta rasu, 'ya'yanta sun fito da kayan ɗakin ƙasa, ka sayi kwali guda da dala biyar ba ka duba abin da ke ƙasansa ba. Wasu kuma kayan nan ne muke cusawa a kwantena mu aika gida.

Na ga Hajiya ta ɗaga hannu. Na'am, Hajiya? Tana tambaya ne, ga waɗanda ba su ji ba, wai ta ga ana sayar da mai kama da ita a kanti yanzu. E, akwai, amma ki duba gabanta. Ta yanzu gindinta mulmulalle ne mai faɗi, ba ta kafewa a ƙasa, faɗuwa take yi ta tsaya. Wannan doka ba ta hana ta ba, ko da yake tana da nauyi, don haka ban yarda a bar ƙanana da ita su kaɗai ba. Wadda nake magana a kai ita ce mai dogon ƙarfe a gaba. In kin same ta, kada ki ba kowa, kada ki sayar, don sayar da ita laifi ne ko tsohuwa ce. A karya fukafukan, a sa guduma a lanƙwasa ƙarfen, sannan a zubar.

Maƙwabcin namu, ranar Lahadi da safe, washegarin abin, na hango shi ta taga a bakin garejinsa. Ya ɗaure kibiyoyin a jikin teburin aikinsa yana yanke tsinin da zarto, ɗaya bayan ɗaya, har huɗun. Da ya gama ya zo ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, hularsa a hannu, ya ce wa Baba yana so ya ba Inna haƙuri da bakinsa.

Lokacin salla ya yi, Malam yana duba agogo. Sauran tambayoyin sai bayan mun idar. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.