Sharhi: Abin da masu kallo suka yafe wa Blade II, da abin da suka ƙi yafewa

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da wannan lokaci.

Sharhinmu na yau a kan wani fim ne na Amurka da ya haura shekara 20 da fitowa, amma har gobe idan masoyansa suka haɗu sai gardama ta kaure. Fim ɗin shi ne Blade II, kashi na biyu na labarin jarumin nan mai farautar halittu masu shan jini, wanda Wesley Snipes ya fito a matsayinsa. Ya shiga gidajen sinima na Amurka ranar 22 ga Maris, 2002. Abin da ya ja hankalina a kansa shi ne yadda jama'a suka karɓe shi, domin a cikin yabonsu da ƙorafinsu akwai abin da masu zuba kuɗi a fim suka kasa ji, a wancan lokaci da ma bayansa.

Ga wanda bai san labarin ba, ga shi a taƙaice. Wani mai shan jini ya ciji mahaifiyar Blade tana ɗauke da cikinsa, don haka aka haife shi da ƙarfinsu, amma hasken rana ba ya ƙona shi kamar yadda yake ƙona su. Yana fama da ƙishin jini irin nasu, yana danne shi da allura. Wani dattijo mai suna Whistler, wanda Kris Kristofferson ya fito a matsayinsa, shi ya tsince shi, ya raine shi, yake ƙera masa makamai. Asalin labarin daga littattafan zane na kamfanin Marvel ne, inda Blade ya fara bayyana a 1973.

Kashi na farko ya fito a 1998, a lokacin da mutane da yawa a Hollywood suka yanke ƙauna daga irin waɗannan finafinai. Kamfanin Marvel kansa ya shiga kotu a ƙarshen 1996 yana neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. Sai ga fim mai jarumi baƙar fata, cike da jini da duhu, ya tara kusan dala miliyan 131 a duniya. Wannan ya faru shekara 20 cif kafin Black Panther. Saboda haka jama'ar da suka cika sinima a 2002 ba baƙi ba ne. Sun zo da ƙauna, sun zo da tsammani, kuma kowa da abin da yake jira a ransa.

Kamfanin New Line ya miƙa kashi na biyu ga wani darakta ɗan Meziko, Guillermo del Toro, wanda a lokacin an fi saninsa da finafinan ban tsoro. Marubucin bai canza ba, David Goyer ne. Amma kusan komai ya canza. An kwashe labarin daga Amurka an kai shi birnin Prag na Jamhuriyar Cek, inda aka ɗauki fim ɗin. An kawo wasu sababbin halittu da ake kira Reapers, waɗanda suke cinye su masu shan jinin kansu. Haɓarsu tana tsagewa gida biyu idan za su ci, zuciyarsu na cikin wani kwanson ƙashi, azurfa da tafarnuwa ba sa yi musu komai, hasken rana kaɗai ke gamawa da su. Tsoronsu ya sa sarkin masu shan jini, Damaskinos, ya nemi sulhu da Blade, ya haɗa shi da wata runduna da aka horar tun farko domin ta kashe shi.

To, a nan ne wanda bai san masu kallo ba zai yi zaton rigima za ta tashi. An canza gari, an canza abokin gaba, an sa akta ya haɗa kai da maƙiyansa. Amma wannan duk jama'a sun karɓa hannu bibbiyu. A ƙarshen makon farko fim ɗin ya samu sama da dala miliyan 32 a Amurka, ya hau kan gaba. Da aka gama lissafi ya tara kusan miliyan 155 a duniya, alhali abin da aka kashe wajen yin sa bai wuce kimanin miliyan 54 ba. Shi ne ya fi kowanne samun kuɗi a cikin ukun da aka yi. Masu sharhi a jaridu sun rabu kusan gida biyu, wasu na cewa labarin ba shi da nauyi, amma shahararren mai sharhin nan na birnin Chicago, marigayi Roger Ebert, ya ba shi tauraro uku da rabi cikin huɗu. Kuma har yau idan aka ce a faɗi abin da ake tunawa a fim ɗin, wurin da aka fede gawar Reaper a kan tebur ana duba cikinta yana cikin na farko da ake ambata. An ƙera wannan gawa da hannu, kana ganin danshinta, kana jin ƙyamarta. Mai kallo ya yarda da ita.

Ƙorafin ya taso ne daga wasu wurare daban, kuma biyu daga cikinsu sun fi sauran nauyi.

Na farko maganar Whistler ce. A kashi na farko, mutanen bos ɗin, Deacon Frost, sun yi wa dattijon nan jina-jina, sun cije shi. Da Blade ya same shi, ya san zai rikiɗe ya zama abin da ya ƙare rayuwarsa yana yaƙa. Whistler ya karɓi bindiga, ya ce wa yaron ya tafi. Blade ya juya baya yana tafiya, aka ji ƙarar harbi. Wannan shi ne wuri mafi taɓa zuciya a fim ɗin gaba ɗaya, ɗa ya rasa uban da ya raine shi. Sai kashi na biyu ya buɗe da cewa ai bai mutu ba. An ajiye shi ne a cikin wani tanki na jini, kuma allura ɗaya da dare ɗaya suka isa ya dawo mutum. Masu kallo suna son Kristofferson, sun ji daɗin sake ganinsa, amma da yawa sun ji an yi wasa da hankalinsu. Ni ma ina tare da su. Idan ka sa mutum ya yi baƙin ciki a kan mutuwa, bayan shekara huɗu ka zo ka ce masa babu abin da ya faru, ka karɓe masa abin da ya riga ya ji a zuciyarsa. Daga ranar kuma duk mutuwar da ka nuna masa, zai kalle ta da shakka.

Na biyu maganar jiki ce. Wesley Snipes ba akta ne da ake yi wa faɗa da kyamara ba. Tun yana yaro ya fara koyon karate, kuma abin da ya sa aka ƙaunaci Blade na farko shi ne ana ganin mutum ne da kansa yake juyi, yake kai naushi, yake sara da takobi. A kashi na biyu akwai wani faɗa da aka yi a gaban manyan fitilu, tsakanin Blade da wasu biyu da suka rufe fuskokinsu. Ana tsaka da shi sai a ɗauke mutane a sa hotunan kwamfuta, su yi ta tsalle suna lanƙwashewa kamar roba, ba nauyi, ba ƙashi. Ido yana ganewa nan take. An sake yin haka a faɗan ƙarshe. Wannan shi ne abin da aka fi yi wa fim ɗin gori da shi, kuma shekaru ba su rufa masa asiri ba, sai ma ƙara tona shi da suke yi. A lura, masu kallon da suka yarda da halitta mai tsagaggiyar haɓa, su ne suka ƙi yarda da tsallen ƙarya na daƙiƙa kaɗan. Halittar an gaya musu tatsuniya ce, sun amince. Shi kuwa jikin jarumi, an yi musu alkawarin na gaske ne.

Akwai ƙorafi na uku da ya fi fitowa daga masu son finafinan faɗa na Hong Kong. An ɗauko Donnie Yen, yana cikin masu tsara faɗan fim ɗin, an kuma ba shi matsayi a rundunar, amma bai samu ko faɗa ɗaya cikakke da zai nuna kansa ba kafin a kawar da shi. Wanda ya ga abin da mutumin nan ya yi daga baya ya san asarar da aka tafka. Wasu kuma ba su ji daɗin salon kokawar talabijin da aka cusa a faɗan ba. Wannan dai ra'ayi ne, wasu abin ya burge su.

Duk da haka, idan aka tambaye ni, Blade II ya cancanci matsayin da yake da shi a wurin masoyansa, kuma dalilina ba faɗan ba ne. Dalilina Nomak ne, shugaban Reapers, wanda Luke Goss ya fito a matsayinsa. Sai can gaba ake gane cewa ɗan Damaskinos ne na cikinsa. Uban ne ya yi gwaji a kansa yana neman samar da jinsin da ba shi da rauni, da gwajin ya ɓaci sai ya yar da shi, ya ɗauko maƙiyinsa ya kashe masa shi. Don haka bos ɗin wannan fim ba mai neman mulkin duniya ba ne, ɗa ne da ubansa ya ci amanarsa, yake neman ya tsaya a gabansa. A gefe guda ga Blade da dattijon da bai haife shi ba amma ya riƙe shi da gaskiya. Uban jini ya sayar da ɗansa, uban riƙo ya tsaya. Wannan ne ya sa mutane da yawa suka fita daga sinima suna tausayin wanda aka ce su ƙi. 'Yar'uwar Nomak, Nyssa, ita kuma, da ta san cutar ta kama ta, ta roƙi a fitar da ita ta ga fitowar rana kafin ta rikiɗe. Wannan mutuwar ba a dawo an warware ta ba, shi ya sa ta zauna a zukata. Del Toro ya ci gaba da wannan hali na tausaya wa abin da ake gudu, har ya kai shi ga lashe kyautar Oscar ta gwarzon darakta a 2018.

Mai kallon finafinan Hausa ya san wannan ciwo sarai. Mun saba da na ɗaya da na biyu, har da na uku da na huɗu, kuma mun san bambancin kashi na biyu da aka yi domin labari bai ƙare ba, da wanda aka yi domin na ɗaya ya yi kasuwa.

Abin takaicin shi ne yadda aka karanta wannan martani na jama'a. A ganina, lissafin kuɗin aka duba, ba a saurari abin da mutane ke faɗa ba. A Disamban 2004 aka fitar da kashi na uku, Blade: Trinity. Del Toro ya tafi wani aikin, Goyer ya hau kujerar darakta. Whistler ɗin da aka sha wahalar tayarwa, aka sake kashe shi tun a farkon fim ɗin, kuma wannan karon mutuwar ba ta girgiza kowa kamar ta farko ba. Aka kawo matasa biyu, Ryan Reynolds da Jessica Biel, aka ba su fili mai yawa, aka cika fim ɗin da barkwanci, shi mai fim ɗin ya koma kamar baƙo a gidansa. Masu sharhi suka yi masa ca, kuɗin da ya samu bai kai na kashi na biyu ba, kuma a 2005 Snipes ya kai kamfanin ƙara kotu. Daga nan jerin finafinan ya tsaya. Jama'a sun nuna a 2002 cewa za su bi jaruminsu duk inda aka kai shi, matuƙar shi ne a gaba kuma ba a raina musu hankali ba. Aka ba su akasin haka.

Iyaye masu saurarenmu, a kula, duka finafinan nan uku an ware su ne a Amurka a matsayin na manya, saboda yawan jini da kisa da zagi. Yanzu da fim ke yawo a wayoyi ana tura wa juna, ba abin da za a bar wa yara ba ne.

Ƙaunar da ake yi wa jarumin kuwa ba ta mutu ba. A 2024 Snipes ya ɓullo ba zato a matsayin Blade a cikin Deadpool & Wolverine, yana da shekara sama da 60, kuma a gidajen sinima da dama ihu aka ɗauka da ganinsa. Da tsohuwar zuma ake magani. Tun a 2019 kamfanin Marvel ya sanar a bainar jama'a cewa Mahershala Ali, wanda ya lashe Oscar sau biyu, shi zai gaji wannan matsayi. Aikin ya yi ta sauya daraktoci da marubuta, ana ɗage ranar fitowarsa, har a watan Oktoban 2024 aka cire shi daga jadawalin shekarar 2025. Duk wanda zai ɗauki wannan aiki, ina ba shi shawara ya koma ya saurari gardamar da aka yi a kan kashi na biyu. Ya nemo jarumin da zai yi faɗan da jikinsa, ya ba bos ɗin dalilin da mai kallo zai fahimta, kuma idan ya kashe wani a labarin, ya bar shi a kabarinsa.

Masu sauraro, nan muka kawo ƙarshen sharhin na yau. A ci gaba da kasancewa tare da mu.