Yadda ake fita rihla, wato yawon buɗe ido, da yara ƙanana su ga bishiyoyi da idonsu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Wannan abin da kuke gani a tafin hannuna ba baƙo ba ne, kullum yaro zai je bakin makaranta da ƴan canjinsa ya ce a ba shi lalob, haka ake kiransa da Larabci a nan Sudan. Toh kwanaki na ɗaga shi a aji na ce wa ya san sunansa da Hausa, aji cike da ƴaƴan Hausawa fa, amma biyu ne kacal suka ce aduwa, da na ce to wa ya taɓa ganin bishiyarsa sai kowa ya yi tsit, alhali akwai ɗaya a bayan katangar makarantar, a gindinta awakin unguwa suke wuni. Abin da ya sa na zauna na haɗa wannan bidiyon kenan, malamai da iyaye ku matso kusa.

A Khartum akwai lambun tsirrai na ƙasa a unguwar Mugran, kusa da inda Farin Nilu da Shuɗin Nilu suke haɗuwa, tun 1954 aka kafa shi. Bambancinsa da jinena, wato lambun da ake zuwa shan iska, shi ne a nan tara itatuwa ake yi da gangan, na gida da na waje, ana rainonsu ana nazarinsu. Can gefe kuma ga dajin Sunut a bakin Farin Nilu, sunut ɗin nan bagaruwa ce tamu ba wata ba, in ruwa ya cika har gindinta yake shiga, tsuntsaye masu ƙaura su sauka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 kowa ya san yadda zirga-zirga ta koma, makarantu ma sun daɗe a rufe, don haka abin da zan faɗa ku ɗauke shi ya yi aiki ko'ina, ko lambun gwamnati ne ko gonar wani dattijo ko bakin kogi a Mai Wurno, Sinnar, Madani ko Damazin.

Lokaci tukuna. Daga Disamba zuwa Fabrairu, da sassafe, ku dawo kafin azahar. Kar wanda ya kwashi ƴan shekara 6 ya fita da su a watan Mayu zafi ya haura digiri 40, wallahi ba karatu za a yi ba, jinya za a yi. Kowane babba ya riƙe yara kaɗan waɗanda ya san sunansu, jarkar ruwa, fatur, wato abin karin kumallo, a leda, takalmi rufaffe saboda ƙaya, a ƙirga su wajen hawa mota a sake ƙirgawa wajen sauka. Shi kenan maganar shiri.

Yanzu ga inda yawancinmu muke kuskure, sai mu jera yara a layi muna tafe muna zuba musu sunaye kamar mai karanta takardar gado, bishiya arba'in cikin awa ɗaya, su koma gida ba abin da ya zauna sai ƙura a ƙafa. Ni biyar nake zaɓa, wani lokacin ma huɗu, kowacce mu zauna a gindinta. Yaro ya shafa ɓawon, ya murza ganye ya shinshina, ya tsinci abin da ya faɗo ƙasa, sannan a ba shi suna biyu, na Larabcin da yake ji a kasuwa da na Hausar da kakarsa take faɗa. Tabaldi kuka, aradeb tsamiya, sidir magarya, dom goruba, haraz gawo. Kakanninmu da suka biyo Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi na 1903 da sunayen nan suka iso bakin Nilu, suka tarar da itatuwan da suka baro a gida suna nan tsaye suna jiransu, suna ne kawai ya canza.

Wadda ta fi kama hankalin yara a wajena ita ce hashab, wato dakwara. Ku duba nan, wannan ɗan dunƙulen mai sheƙi kamar zuma ta daskare, ƙaro ne. Bayan damina in ganye ya fara zuba sai manomi ya zo ya ɗan ɓare ɓawon reshe, bishiyar ta fitar da ruwa mai danƙo don ta rufe ciwonta, bayan wasu makonni ya bushe a zo a tsince, a kai kasuwa irin ta El Obeid, daga nan sai Bur Sudan sai jirgin ruwa. Sudan ce kan gaba a duniya wajen fitar da shi, yana shiga alewa da lemon kwalba da magunguna. Amma ni ba da wannan nake farawa ba, tambayarsu nake yi da me ake haɗa tawadar da kuke rubutu a allo. Sai a jiƙa ƙaron a ɗan gwangwani, a zuba baƙin tukunya a dama, a ba kowa tsinke ya rubuta sunansa. Ranar da na fara gwadawa wani ɗan yaro kallon bishiyar ya yi ya kalli yatsunsa da suka yi baƙi ya ce ustaz ashe tawada a jikin itace take, har muka hau mota yana maimaitawa.

Gawo kuma abin dariya ne da shi, damina kowa ya yi kore shi ya zubar da ganye ya tsaya tsirara, rani kowa ya bushe shi kuma ya yi lif. Mutanen Sudan har karin magana suke yi da gabar haraz da ruwan sama. Ku tambayi yara me ya sa haka, kar ku ba su amsa da wuri, ku bari su yi ta cacar baki, can sai ku ce saiwarsa ce take nitsawa ƙasa sosai ta sha ruwan da sauran ba sa kaiwa, shi ya sa manomi yake son sa a gona, ba ya tare wa dawa rana da damina, ganyen da ya zubar kuma taki ne.

In akwai kuka ku sa su riƙe hannu su zagaye ta a ga mutum nawa za ta ci, ku gaya musu a Kordofan ana rarake cikinta a tara ruwan damina a sha da rani. Da isarku kuma ku ɗaura farar leda a reshe mai ganye wanda rana take dukansa, kafin ku gama fatur za ku dawo ku tarar da ɗigon ruwa a ciki, ganye ne yake fitar da shi, wannan ya fi zanen allo sau goma.

Dan Allah a kula da tumfafiya, ushar kenan, farin ruwanta in ya shiga ido masifa ne kuma yara suna son fasa ƙwallonta. Ƴaƴan zurma guba ne. Doka ɗaya ce, ba a kai komai baki sai an nuna wa babba. Ruwan tur'a, wato magudanar ban ruwa, kuma ko ƙafa kar a tsoma, tsargiya tana nan a magudanan Jazira.

Wajen dawowa kowa ya riƙo ƙwallon tsamiya biyu a aljihu. A gida a ɗan goga gefensa a kan dutse, a jiƙa ya kwana, a binne a gwangwanin madara da aka huda gindinsa, a ajiye inda kaji ba sa kaiwa. Aikin gida kuma guda ɗaya ne, yaro ya je wajen kaka ya tambaye ta sunan bishiya uku da Hausa da abin da ake yi da kowacce, ya kawo mana aji washegari. Wanda ya gwada a makarantarsu ya turo mana hoton gwangwanayen, sai mun haɗu a bidiyo na gaba in Allah ya kai mu, ma'assalama.