Sare daji don kafa sola: yadda ake lissafin kabon a Saucats

Akwai wani dajin itatuwan fayin (wato pine) da aka dasa a jere a yankin Saucats, kudu da birnin Bordeaux a Faransa. Wani ɓangare ne na dajin Landes, mai faɗin kusan hekta miliyan ɗaya, wanda mutane suka dasa da hannunsu bayan dokar 1857 domin busar da fadamun yankin. A nan ne kamfanonin Engie da Neoen suka nemi sare hekta 1,000 domin kafa tashar lantarkin sola mai ƙarfin gigawat ɗaya, wadda suka raɗa wa suna Horizeo. Muhawarar da aka buɗe wa jama'a a 2021 ta yi zafi, kuma tambayar da ta fi yawo ita ce: ta yaya za a sare itatuwan da ke zuƙe iskar kabon da sunan ceton yanayi?

Tambayar tana kan hanya, amma akwai mataki guda da yawancin mutane ke tsallakewa, kuma a kansa za mu daɗe.

Itace yana adana kabon a gangar jikinsa, da saiwoyinsa, da ƙasar da ke ƙarƙashinsa. Hekta ɗaya ta irin wannan daji tana riƙe da kwatankwacin ɗaruruwan ton na iskar kabon, sannan kowace shekara tana ƙara zuƙar ton goma ko makamancin haka. Ranar da aka sare shi aka tumɓuke kututture, an ci bashi, domin wani kaso na abin da aka adana zai koma sama, kuma zuƙar shekara-shekara ta tsaya. A kan wannan bashi sai a ɗora hayaƙin da aka fitar wajen ƙera farantan sola.

Farantin sola kuwa ba ya zuƙar komai. Hanyar da yake biyan bashin ita ce hana wata tashar lantarki ƙona makamashi. Hekta ɗaya ta faranta a kudu maso yammacin Faransa tana ba da wuta kimanin kilowat-awa (wato yunit ɗin da mitar wuta ke ƙirgawa) miliyan ɗaya a shekara. Idan wutar da ta maye gurbinta daga kwal take fitowa, wanda ke sakin kusan kilo ɗaya na iskar kabon a kan kowace kilowat-awa, to an hana fitar kusan ton 1,000 a shekara, kuma bashin dajin zai biyu cikin ɗan lokaci. Idan daga iskar gas take, ribar ba ta kai rabin haka ba. Amma kusan kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga nukiliya yake, sannan ga madatsun ruwa, don haka matsakaicin hayaƙinsa bai kai kashi ɗaya cikin goma na kwal ba. Faranti iri ɗaya, rana iri ɗaya, amma bashin da zai biyu nan da nan a ƙasar da ta dogara da kwal yana iya jan shekaru a nan. Masu goyon bayan aikin suna cewa Faransa tana sayar wa maƙwabta wuta, inda take rage ƙona gas da kwal, kuma wannan hujja ce da ya kamata a saurara. Duk wanda ya ba ku amsa ba tare da ya faɗi wace wuta aka maye gurbinta ba, lissafinsa bai cika ba.

Sauran abubuwan ba sa shiga ma'aunin kabon. Itatuwan fayin suna shan ruwa mai yawa, shi ya sa mazauna ƙauyukan ke fargabar ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso ya kawo ambaliya in an kawar da su. Manoman inabi na yankin Pessac-Léognan da ke kusa sun nuna damuwa kan sauyin zafi da raɓa a gonakinsu. Ga tsuntsaye da ƙwari da za a raba da muhallinsu. Shi ma dajin ba rumbu ba ne mai tabbas, domin guguwar Klaus ta kwantar da babban ɓangarensa a 2009, gobara kuma ta ci dubban hektoci a yankin Gironde, inda Saucats yake, a 2022.

A ganina, abin da ya fi damuwa shi ne ana zaɓar daji ne saboda ya fi arha da sauƙin samu, alhali ga rufin rumbunan ajiya da filayen ajiye motoci suna shan rana a banza. Majalisar Faransa ta lura da haka. Dokar watan Maris na 2023 ta hana sababbin ayyukan sola da ke buƙatar sare fiye da hekta 25 na daji, ta kuma wajabta wa manyan filayen ajiye motoci su yi rumfunan faranta, inda mota ke samun inuwa a ƙasa, wuta kuma tana fitowa daga sama.