Faifan kwafi da cinikin gem: wa ke asara?

Jama'a, assalamu alaikum. Duk wanda ya tashi a Jidda ko Makka zamanin na'urar gem ta PlayStation 2 ya san yadda ake yi. Ka kai na'urarka wurin mai gyara, ya dasa mata wani ɗan guntun lantarki a ciki, shi ke nan ta fara karɓar faifan kwafi na 'yan riyaloli.

To wa ya yi asara? Kamfani irin Sony, mai PlayStation, ba a jikin na'ura yake cin babbar riba ba, wani lokaci ma da faɗuwa yake sayar da ita. Ribar tana cikin kason da yake karɓa a kan kowane gem na asali. Idan ka sayi na'ura ka koma kan kwafi, an ƙirga ka cikin masu saye, amma waɗanda suka ƙera gem ɗin ko sisi ba su gani ba.

Sai dai lissafin kamfanoni akwai ƙarin gishiri. Sabon gem yanzu yakan kai dala 70, sama da riyal 260. Yaron da ke buga kwafi a unguwa, da an hana shi, ba na asali zai saya ba, haƙura zai yi. Dubi abin da ya faru a 2023: Nintendo ta ce an sauke sabon gem ɗinta na Zelda ta haramtacciyar hanya fiye da sau miliyan ɗaya tun kafin ya shiga kasuwa. Duk da haka an sayar da na asali guda miliyan 10 cikin kwana uku. Manyan suna tsira. Ƙaramin kamfani mai gem ɗaya tal shi ne abin tausayi.

Kamfanonin ba su zauna ba. A 2009 Microsoft ta kori ɗimbin na'urorin Xbox 360 da aka taɓa don su karɓi kwafi daga dandalinta na intanet. A 2024 masu manhajar Yuzu, wadda ake buga gem ɗin Nintendo da ita a kwamfuta, sun amince su biya Nintendo dala miliyan 2.4, suka rufe. Nan Saudiyya ma akwai hukumar kare haƙƙin fasaha da ke bin shaguna.

Amma a ganina, intanet ce ta karya kasuwar kwafi, ba kotu ba. Yau matashi so yake ya buga ƙwallo da abokinsa na Riyad ko Kano, kuma na'urar da aka taɓa, da zarar ta hau layi, tana iya shan kora.