Fodkas: A cire rabon gobe kafin a zuba na yau

Maman Biyu: Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Yau ba doguwar gabatarwa, maganar da kuka yi ta aiko mana tun makon jiya ita za mu yi, ragowar abinci da jadawalin girkin mako. Hajiya tana nan, Malam yana nan. Hajiya, tambayar da ta fi yawa ita ce ta shinkafar da ta kwana a kula.

Hajiya: Wa alaikumus salam. To ai daga nan ɓarnar take farawa. Ita kula aikinta ta riƙe zafi daga saukewa zuwa dawowar maigida, shi ke nan. In kika zuba shinkafa ƙarfe 8 na dare kika rufe, kafin tsakar dare ta sauka ta koma ɗumi-ɗumi, haka za ta zauna har asuba. Wannan ɗumin shi ƙwayoyin cuta suke so. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take koyarwa, dafaffen abinci ya zauna ko sama da digiri 60 ko ƙasa da digiri 5, kuma kada ya wuce awa 2 a ajiye haka nan a ɗaki.

Malam: Amma Hajiya nan Jos ne fa. Da sanyin Disamba ko ruwan randa ba ya taɓuwa.

Hajiya: Sanyinmu yana taimako, ban musa ba. Sai dai ko a tsakiyar hunturu kicin ba ya sauka digiri 5, ita kuma kula ba ta ma barin sanyin ya shiga. Sannan shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashewa. In ta samu ɗumi sai ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumame ba ya karya ta, ko da kin soya. Ba wari, ba yauƙi, a ci da safe, cikin 'yan awanni yaro ya fara amai, a ce sanyi ne ya kama shi.

Maman Biyu: To yaya za a yi da ita?

Hajiya: Ki baza ta a tire mai faɗi, kaurinta kada ya wuce yatsa biyu, ta huce cikin awa ɗaya. Ki juye a roba mai murfi, sai firji. Washegari a cinye. Wajen ɗumamawa ki yayyafa ruwa kamar cokali 3, ki rufe tukunya, wuta kaɗan, ki juya har tururi ya ratsa tsakiyarta. Sau ɗaya ake ɗumama ta. Wadda ta sake raguwa bayan wannan, ta gama yawo.

Malam: Wanda ba shi da firji fa? Ko yana da shi amma wuta sai an gan ta?

Hajiya: Wannan gidan gyaransa yana wajen awo. Kada a dafa shinkafar dare da ido. Gwangwanin madara ɗaya ya ishi babba ɗaya, yara biyu ƙanana su raba ɗaya. Gidan da yake da manya 2 da yara 4, gwangwani 4 ke nan. In an yi kwana uku ana ganin ragi, a rage rabin gwangwani. Kuma kowa ya auna mudunsa da gwangwani ya san nawa yake ci, don mudun kasuwar Katako da na mai shagon unguwa ba lallai su zo ɗaya ba. Da kin san wannan, kin san kwana nawa mudu zai yi miki tun kafin ki buɗe shi.

Maman Biyu: Ni abin da nake so ki faɗa musu, maganar nan ta cire rabo.

Hajiya: Yauwa. Ita ce ma kan maganar. Ragowa iri biyu ce. Akwai wadda aka cire daga tukunya da tsabtataccen ludayi kafin kowa ya taɓa, akwai wadda ta dawo daga faranti bayan hannu biyar sun shiga. Ta farkon girkin gobe ce. Ta biyun ba ta ajiyuwa. Ki duba kunun da yaro ya sha da cokali ya bari, bayan ɗan lokaci za ki ga ya tsinke ya zama ruwa. Yawu ne ya narkar da shi. Haka yake yi wa tuwo da miya. Saboda haka tun tukunya tana kan wuta ki ajiye roba a gefe, rabon gobe shi za ki fara ɗiba, sannan ki zuba wa mutane daidai cikinsu. Wanda bai ƙoshi ba a ƙara masa daga tukunya. Don tuwon gobe ake wanke tukunya, to a cire masa rabonsa ma tun yau.

Malam: Miya fa? Don ita ta fi cin kuɗi.

Hajiya: Miyar kuka da kuɓewa ba sa son yawan tafasa, tsinkewa suke yi su yi baƙi. Abin yi, ki haɗa ruwan miyarki da yawa, nama ko kifi, daddawa, albasa, attarugu, mai, ya dahu sosai. Ki ɗebi na yau a ƙaramar tukunya ki kaɗa kuka a ciki. Sauran ruwan miyar gobe ki kaɗa busasshiyar kuɓewa, jibi ki zuba alayyahu da gyaɗa. Tukunya ɗaya, miya uku, gas ɗin dafa nama sau ɗaya. In ba firji, a tafasa ta da dare ta tafasa sosai, a bar murfin a kai, kada ludayi ya sake shiga, da asuba a sake tafasawa kafin a ɗiba. Wannan rage hatsari ne, ba a wuce kwana ɗaya a haka. In ta yi kumfa a sama ko tsami ya fara fitowa, a zubar, kada a ce za a gyara ta da kanwa.

Maman Biyu: Shi tuwo ai ɗumame ne kawai.

Hajiya: Shi ma da ƙa'idarsa. Kada a bar shi a leda cikin kula, gumi yake yi ya fara yauƙi. A fito da shi ya sha iska. Da safe a yayyanka, a ɗora ruwa kaɗan ya tafasa, a zuba, a rufe, sai tsakiyar malmala ta yi zafi sannan miya ta shiga. In ya yi yawa, lokacin da iskar hunturu take kaɗawa, a yanka shi siriri a shanya a tire, a rufe da raga saboda ƙuda da ƙura, har ya bushe ƙayau yana karyewa. Ranar da ake so a jiƙa da ruwan zafi, a tsane, a kwaɗa da ƙuli-ƙuli, albasa, tumatir, mai da yaji. Amma a Yuli da Agusta kada a gwada, a Jos ba ya bushewa, fumfuna yake yi. Haka ƙanzo...

Malam: Tsaya Hajiya. Ƙanzo dai. Masu sauraro suna jiran hukunci, na wane ne?

Maman Biyu: Na mai wanke-wanke mana! Wanda zai kankare tukunya shi ya fi cancanta.

Malam: A'a, na auta ne. Wannan tun kaka da kakanni.

Maman Biyu: Auta ya samu kan kaza, ya samu ƙafa, ya samu hanta a ɓoye, a ƙara masa da ƙanzo?

Malam: To na dafa-duka nake magana, wanda mai ya sauka ƙasa ya yi ja, gefensa yana ƙamshin hayaƙi. Na tuwo kowa ya ɗauka.

Maman Biyu: Ka ji! Ya zaɓi mai maiƙon.

Malam: Ai wannan ko maigida sai ya leƙa kicin ya ce ruwa ya zo sha.

Maman Biyu: Ya fito da cokali a aljihu.

Hajiya: Ni na ce a raba. Na tsakiya na mai girki, na gefe na yara.

Malam: Wato mai girki ta yanke wa kanta hukunci ke nan.

Hajiya: Wa ya sha hayaƙin?

Maman Biyu: Shi ke nan, Malam ka faɗi. Ku aiko mana da naku hukuncin. Amma in ya ƙone ya yi baƙi fa?

Hajiya: Baƙi ba na kowa ba ne, ɗaci ne kawai, a jiƙa tukunya a wanke. To mu koma. Farar shinkafa wadda ba mai ba miya, in an sanyaya ta yadda na ce, ita ce cikon ƙullun waina. Gwangwani 3 na jiƙaƙƙiyar shinkafar tuwo, ɗaya na dafaffiya, a markaɗa tare da albasa, a sa yis, ta tashi. Ita dafaffiyar ce take sa wainar laushi. Ko a zuba ta a kunun gyaɗa da safe, ta tafasa a ciki. Dafaffen dankalin Turawa kuma a farfasa shi, a soya albasa da attarugu, a zuba, a fasa ƙwai 2 ko 3 a kai, karin kumallon 'yan makaranta ya samu.

Malam: Tunda an zo dankali, mutane suna sayen rabin buhu saboda arha, na Bokkos ko na Mangu, ya ruɓe musu. A zazzage shi daga buhun leda, a tsince mai rauni a fara ci da shi, sauran a baza a wuri mai duhu mai iska, nesa da albasa. Haske ne yake sa shi kore. Kore kaɗan a fere da zurfi, in ya yi yawa ko yana ɗaci a zubar.

Hajiya: Ka faɗi na tumatir ma.

Malam: Da rani ake sayensa, lokacin da ya cika kasuwar Farin Gada. Da ruwa ya sauka zai yi tsada.

Hajiya: In an sayo, a ranar za a yi aikinsa. A wanke, a cire wanda ya fashe. Tumatir kashi 4, tattasai 2, albasa 1, attarugu gwargwadon bakin gida. A markaɗa, a ɗora ba murfi har ruwan ya tsotse ya koma kamar rabi ko ƙasa da haka, ya yi kauri. In kika sauke da ruwa a jikinsa, shi ne tsamin da ake ji a miya. Ya huce, a ƙulla daidai na tukunya ɗaya-ɗaya, a baje ƙullin ya kwanta don ya daskare da wuri. Kuskuren da ake yi, a zuba duka a babbar roba ɗaya, kullum a fito da ita ta narke a ɗiba a mayar. Cikin mako ta lalace.

Maman Biyu: In an ɗauke wuta kuma?

Hajiya: A daina buɗewa. Firji in ba a buɗe ba yana riƙe sanyi kamar awa 4. Firiza cikakkiya tana kai awa 48, mai rabi awa 24. Shi ya sa nake cewa a cike gurbin da robobin ruwa, ƙanƙarar ita za ta riƙe miki. Naman da ya narke har ya saki sanyi, kada a mayar. Wanda yake da sauran ƙanƙara a jikinsa a dafa shi a ranar.

Malam: Cikin masu sauraro akwai wadda ta ce ita ba ta da asara, almajirai take ba.

Hajiya: Allah Ya ba ta lada, amma ta ba su da daren, yana da zafinsa. Abin da yake ci mini rai shi ne a bar abinci ya kwana, a shinshina da safe a ji ya canza, sannan a kira almajiri. Yaron nan in cikinsa ya ɓaci ba mai kai shi asibiti. Shi ma a cire masa rabonsa daga tukunya, a kwanonsa, lokacin da ake zuba wa 'ya'yan gida.

Maman Biyu: Wallahi haka ne. Hajiya lokaci fa ya tafi, ba mu taɓa jadawalin ba.

Hajiya: Kai! To da sauri. Ranar cefane a yi markaɗe da ruwan miya. A jiƙa wake mudu ɗaya da dare, a dafa gaba ɗaya, a raba uku: garau-garau, fate, ɗaya a firiza na dafa-duka. Ganye mai saurin yaushi, alayyahu da latas, farkon mako. Kabeji da karas suna jira. Ƙarshen mako duk guntun da ya rage, kabeji, yakuwa, gauta, a tara a yi gwote, wato faten Filato, da acha ko tsakin masara...

Malam: Da gyaɗa ko ba gyaɗa?

Maman Biyu: Malam kada ka taso wannan yanzu, an kira la'asar. Jadawalin ranaku bakwai sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, da lissafin abincin 'yan makaranta. A huta lafiya.