Tukunyar Iska Mai Matsi 300 ko Mai 232: Wacce Ta Dace da Ruwanmu?

An ɗauko wannan bayani daga faifan laccar da aka yi wa matasa masu aikin ceto a ruwa a garin Yawuri.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ranka ya daɗe Sarkin Ruwa, iyayenmu masunta, ƙannena matasa, assalamu alaikum.

Babu wanda zai koya wa Basarke ruwa. Amma numfashin ɗan Adam yana da iyaka, kun kuma ga haka a watan Mayun 2021, da jirgi ya nutse kusa da Wara ɗauke da mutum sama da 150. Irin aikin da ke biyo bayan wannan masifa, shiga cikin jirgin da ya kife, ko sauka zurfin da ya wuce mita 40 inda ba a fitowa kai tsaye sai an yi ta tsayawa a hanya, ba ya yiwuwa sai da tukunyar iska a baya. Tambayar da ake yawan yi mini ita ce wacce za a saya, mai matsi 300 ko mai 232?

Idon mutum kan tafi ga babbar lamba. To lambar nan da ake kira bar ƙarfin matsi take nunawa kawai. Yawan iska sai ka ninka ta da faɗin cikin tukunyar. Mai lita 12 a kan 300, a takarda lita 3,600 ke nan. Mai lita 15 a kan 232, lita 3,480. Kun ga sun kusa. Sai dai takardar ma ta yi wa ta farkon alfarma, domin iska kamar auduga ce a buhu: da fari tana shiga salin-alin, can gaba sai ka yi ta dannawa kaɗan ke ƙaruwa. A matsi 300 abin da ya shiga yana kasa lissafi da kusan kashi goma cikin ɗari. Saboda haka tukunyar nan biyu kunnen doki suke yi.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Wa zai ɗura muku? Injinan ɗura iskar numfashi da yawa a 225 suke tsayawa, mai kaiwa 330 kuwa kuɗinsa daban. A ce injinku 200 yake ba ku. Mai lita 12 ɗin nan da kuka kashe kuɗi a kanta za ta ɗauki lita 2,400, mai lita 15 ta ɗauki 3,000. Bambancin lita 600 ne. Kada ku raina shi. Kowace mita goma da ka sauka, matsin ruwa yana ƙaruwa da bar ɗaya, don haka a mita 30 ninki huɗu kake sha. In a bakin gaɓa lita 20 kake shaƙa a minti, a can lita 80 ce. Lita 600 minti bakwai da rabi ke nan. Wanda igiyarsa ta taɓa sarƙewa a kututturan da tafkin Kainji ya binne tun 1968, cikin ruwan damina da ba ka ganin tafin hannunka, shi zai gaya muku tsawon minti bakwai. Ga kuma ƙa'idar raba iskar tukunya kashi uku: ɗaya na shiga, ɗaya na fitowa, ɗaya ba a taɓa shi sai ɗan uwanka ya shiga uku.

Ba wai ina kushe mai 300 ba ne. Siririya ce, tana ratsa ƙofar da mai ƙiba ba za ta ratsa ba, nauyin kaurin ƙarfenta kuma yana rage maka darmar da za ka ɗaura a ƙugu. Amma ka goya biyu a haɗe ka hau gangaren gaɓa mai santsi, bayanka zai ba ka labari. Sannan bakinta sai na'urar shaƙa mai murɗawa ciki kamar noti, wadda ake ce wa DIN. Mai maƙalawa daga waje iyakarta 232. Ni dai, a halin da muke ciki, ta ƙarfe mai lita 15 da matsi 232 zan ɗauka.

Ta alminiyam fa? Tana da araha, ba ta tsatsa irin ta ƙarfe, amma in iskar ta kusa ƙarewa sai ta fara jan ka sama, daidai lokacin da kake bukatar tsayawa cak a mita biyar. Iska tana da nauyi, 'yan uwa. Cikin mai lita 15 guda ta fi kilo uku.

Galibinku na hannu za ku saya daga Legas, don haka ku koyi karanta wuyan tukunya. Ta Turai za ku ga an buga 232 a jiki, kusa da shi kuma 348. Na biyun matsin gwaji ne, ba na ɗurawa ba. Ta Amurka da wani ma'aunin matsi da ake kira psi take zuwa: 2,400 kusan bar 165 ne, 3,000 bar 207 ne, 3,442 kuma bar 237. Wanda ya ga 3,000 ya ɗauka 300 ce ya riƙe bom a hannunsa. Za ku ji ana cewa masu shiga koguna na ƙarƙashin dutse a Fulorida suna ɗura wa mai ƙaramin matsi fiye da ƙa'ida. Haka ne, suna yi. Ku kada ku yi, musamman da tukunyar da ba ku san hannu nawa ta bi ba. Ku duba shekarar gwajinta na ƙarshe. A Amurka duk shekara biyar ake gwada ta da ruwa, duk shekara a leƙa cikinta da fitila.

Ga zafinmu kuma. Tukunyar da aka cika ta kwana rana a cikin kwalekwale matsinta na hawa, kusan bar ɗaya a kowane digiri. A rufe ta da jiƙaƙƙen buhu. Injin mai faci ba na numfashi ba ne, iskarsa da mai a ciki. Bakin da injinku ke zuƙo iska kuma ya yi nesa da hayaƙin janareto, ya kasance ta inda iska ke busowa, domin gubar hayaƙin nan ba ta da wari, a can ƙasa take kayar da mutum.

To, a shigo da tukwanen nan uku. Kai mai jar hula, zo ka karanta mana abin da aka buga a wuyan ta farko.