Yadda likitoci ke buɗe jijiyar jinin da ta toshe

Duk wanda ya zauna a Rigasa ko Tudun Wada da damina ya san halin kwata. Yashi ya taru a ƙasa shekara da shekaru, ruwa na wucewa da ƙyar, babu wanda ya damu. Rana ɗaya leda ta zo ta maƙale, sai ruwa ya shiga gidajen mutane.

Haka jijiyar jini take. Kitse ne yashin, yana manne wa bangon jijiya a hankali, hawan jini da ciwon suga da taba suna ƙara masa gudu. Ledar kuwa gudan jini ce. Idan ta toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, bugun zuciya ke nan. Idan ta ƙwaƙwalwa ce, shanyewar ɓarin jiki.

To, yaya ake buɗe ta?

Akwai wani siririn tiyo, kaurinsa bai wuce na taliya ba. Likita zai kashe wa wuyan hannunka zafi da allura, ko matsematsi, ya zura tiyon ta jijiya har ya isa zuciya. Idonka biyu, kana iya magana da shi. Sai ya tura wani ruwa da ke fitowa a hoton eksire, jijiyoyin su bayyana a allo kamar saiwar bishiya. Inda saiwar ta yanke, nan matsalar take. Ta wurin zai ratsa da waya mai kamar gashi, a kanta akwai ɗan balan-balan a tsuke. A hura shi na 'yan daƙiƙu, ya danne kitsen zuwa bango, a sace iskar. Jini ya wuce. Sunan aikin anjiyofilasti, kuma wani likita, Andreas Gruentzig, shi ya fara yin sa a jijiyar zuciyar mutum a birnin Zurik na Suwizalan a 1977.

Sai dai jijiya tana da taurin kai, takan sake tsukewa. Shi ya sa daga 1986 aka fara barin wata 'yar raga ta ƙarfe a ciki, sitent, mai faɗin milimita 3 ko kusa da haka. Balan-balan ya buɗe ta, ya fita, ita ta zauna tana tokare bango har abada. Na yanzu ma an shafe su da maganin da ke hana tsoka sake rufe hanyar.

Ba kowane asibiti ke da ɗakin wannan aikin ba, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. A nan allurar narkar da gudan jini ke shigowa, irin su sitireptokainis da altefilas. Ta jijiyar hannu ake sa ta, ta bi jini ta je ta narkar da gudan. Amma tana tafiya da agogo. Ga zuciya, ana so cikin awa 12, kuma awannin farko sun fi kowanne daraja. Ga ƙwaƙwalwa, altefilas ake sa wa, ba sitireptokainis ba, cikin awa huɗu da rabi. Dole kuma a fara ɗaukar hoton kai na siti-sikan, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce ke kawo ta, kuma wanda jini ke zuba a kansa wannan allurar na iya hallaka shi.

Awa huɗu da rabi fa! Mu kuwa Baba ya faɗi bayan sallar asuba, baki ya karkace, sai a ce iska ce. A shafa man zaitun, a jira yayan gida ya taso daga Kawo. Mai ciwon ƙirji da gumi a ce olsa ce, a aika kemis. Addu'a ba ta hana shiga mota, a yi ta a hanya. Wani daga cikin iyali ya duba agogo ya riƙe lokacin da aka ga mara lafiyar lafiya ƙalau na ƙarshe, don ita ce tambayar da likita zai fara yi.

Wanda aka sa wa sitent kuma, za a ba shi asfirin da wani magani na biyu mai hana jini daskarewa, galibi na wata 6 zuwa 12. Kada ya ce ya warke ya ajiye, gudan jini na iya kama ragar ya toshe ta gaba ɗaya. Idan azumi ya ƙarato ko za a cire masa haƙori, ya fara komawa wurin likitan da ya sa masa.